Amsa ga tambayar ɗakin kwamfuta: baƙo yana iya kayar da mai masauki

Salamu alaikum ƴan uwa. Malam, na saurari muryarka. Ka ce za ka sa sabar guda, wato babbar kwamfuta mai yi wa wasu aiki, a ɗakin koyarwarka na Zango, ka buɗe wa kowane ɗalibi tasa kwamfutar ta cikin manhaja, kuma a nan ɗin za ka ajiye rajista da lissafin kuɗin makaranta, tunda an gaya maka duk ɓarnar da yaro ya yi a cikin tasa take tsayawa. To, galibi haka ne. Amma don Allah kada ka ɗora lissafinka a kan wannan maganar.

Abin kamar gidan haya ne, kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma wayar lantarki guda ce. Shingen da ke tsakanin baƙo (kwamfutar ɗalibi ta cikin manhaja) da mai masauki (sabar ɗin da ke ɗauke da ita) shi ma manhaja ce, mutane suka rubuta ta, kuma mutum yana kuskure.

Bari in ba ka wanda ya fi tsaya mini a rai. A watan Mayu na 2015, Jason Geffner na kamfanin CrowdStrike ya bayyana wani rami, wato kuskuren manhaja da ɓarawo zai iya bi, da aka sa wa suna VENOM. Ka san ina yake? A cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwaya wa baƙo kayan kwamfuta, a sashen da ke kwaikwayon na'urar disket. Disket fa, Malam, wadda yaran yanzu ba su taɓa riƙewa ba! Tun 2004 kuskuren yake kwance a wurin. Wanda ke da cikakken iko a cikin baƙon sai ya aika wa wannan disket ɗin ta ƙarya wasu umarni, bayanai su cika wurin da aka ware musu su malala, daga nan ko injin ya faɗi, ko mutumin ya samu hanyar tsallakawa zuwa babbar na'urar. Ya shafi Xen da KVM da VirtualBox, manhajojin da ake buɗe irin waɗannan baƙin da su. Kuma cikakken ikon nan shi ne za ka ba ɗalibanka don su koya, ka gane inda nake jin tsoro?

Kafin nan, a ƙarshen Satumba 2014, Amazon da kanta sai da ta kashe ta sake kunna kusan kashi 10 cikin 100 na injinan EC2, wato kwamfutocin da take ba da haya ta intanet, saboda wani rami a Xen, XSA-108, wanda baƙo zai iya kayar da mai masauki da shi ko ya leƙa abin da ba nasa ba. A 2019 kuma aka bayyana wani a cikin firosesan Intel, wanda baƙo zai iya daskarar da na'urar gaba ɗaya da shi.

Ni ban ce yaranka mugaye ne ba. Amma yaro mai son sani zai kwaso abu daga intanet ya gwada, bai ma san me yake yi ba.

Saboda haka rajista da kuɗi ka ware musu wata kwamfutar, ko tsohuwa ce. Mizajur kuma, wato sabunta manhaja, kada ka ɗage ta don tsadar haɗin intanet, na san da ciwo, amma ita ce ke toshe ramukan nan, kuma bayan ka yi sai ka kashe injinan ka sake kunna su, in ba haka ba tsohuwar manhajar ce ke ci gaba da aiki. Duk abin da baƙo ba ya buƙata, su USB da sauti da babban fayil na tarayya, ka cire. Kwafin ajiya ya kwana a faifai na daban.

Turo mini sunan manhajar da ka girka da lambar sigarta, in duba maka kafin ka fara raba wa yara.