Amsa ga ƙanwata da ta kasa sayar da saƙarta a Jidda

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da zuwa, Allah Ya sa kin shigo a sa'a. Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai da yara suka tafi makaranta don in zauna in amsa miki a tsanake. Kin ce wata huɗu ke nan da kika tare a Jidda, kin iya saƙar kibiya tun kina Jos, kin taho da ulu rabin jaka, kin saƙa setin jarirai uku amma har yau ba wadda ta taya. Kina tambaya ko hannunki ne bai faɗa ba, ko kuwa mutanen nan ba su san darajar saƙa ba.

Na buɗe hotunan na duba da kyau. Hannunki ba shi da laifi, idanun saƙarki sun jeru, babu wanda ya fi wani girma, kuma wuyan rigar nan mai ruwan ƙwai ya zauna daidai. Zaren ne matsalar. Abin da muke saye a kasuwannin gida muna ce masa ulu, mafi yawansa ba gashin tumaki ba ne, akirilik ne, dangin roba. Ba ya shan zufa, riƙe ta yake a jikin fata. A Jos da ke kan tudu, inda hunturu ke sa mutum ya kwana da safa, wannan ba aibi ba ne. Nan kuwa bakin teku muke, zafi da gumi kusan duk shekara. Uwar da ta shafa rigar ta ji ta a hannu ta riga ta san ɗanta ba zai iya zama a ciki ba, sai dai kunya ta hana ta faɗa miki.

Ni ma ta nan na bi. Shekarata ta farko a garin nan, kusan shekara ashirin ke nan, maƙwabciyata ta haihu cikin watan Agusta. Na zauna 'yan kwanaki na saƙa hula da safa da riga da ulun da na taho da shi, na kai mata barka. Don ta faranta mini rai ta sa wa yarinyar ranar suna. Washegari wuyan jaririyar da bayanta duk ƙurajen zafi, ta kwana tana kuka. Maijegon ba ta ce mini komai ba. Mahaifiyarta ce ta aiko a kira ni, wata dattijuwa haifaffiyar Makka, wadda kakanninta suka zo aikin Hajji a ƙasa ta hanyar Sudan suka zauna. Ta ce, "'Yata, zauna. Hannu kina da shi, garin ne ba ki sani ba." Ta sa aka kawo ashana, ta tsinko zarena ɗan kaɗan ta kunna masa wuta. Ya narke, ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri, yana warin leda. Ta tsinko nata farin zaren auduga da take saƙa hula da shi ta kunna, ya ci kamar takarda, ya bar toka mai laushi da ta murje da yatsa. Ta ce na gashin tumaki kuma warin ƙonannen gashi yake yi. Har yau duk zaren da ya zo mini babu takarda a jikinsa, sai na yi masa wannan gwajin a bakin famfo kafin in ɗora shi a kan kibiya. Allah Ya jiƙanta, ita ta buɗe mini ido a sana'ar nan.

To, auduga za ki nema. Ki sa maigida ya kai ki Balad, tsohon garin Jidda, wajen Bab Makka da Bab Sharif, ki tambayi shagunan da ake ce wa mahallatul kulaf, wato masu sayar da kayan ɗinki, su leshi da maɓalli da zare. Idan kika ce suf, ulu za a miƙo miki. Ki ce khait gutun. Kibiya da kwarashi duka sinnara suke ce musu, sai ki bambanta: ta triko ita ce kibiya biyu, ta kroshe ita ce kwarashi. Mafi yawan zaren da za ki gani na Turkiyya ne, su Alize da Nako da YarnArt. Kada launi ya ruɗe ki, ki juya takardar da aka naɗe dunƙulen da ita ki karanta. Alize Bella auduga ce zalla, giram 50 mita 180, ita nake yi wa jariran bazara. Alize Cotton Gold gauraye ne, auduga kashi 55 akirilik kashi 45, giram 100 mita 330, ya fi daɗin saƙa kuma ya fi riƙe siffa, shi nake yi wa shawul. Akwai kuma lamba biyu a takardar, ta launi da ta tukunyar rini. Ki tabbata duk dunƙulen da za ki saya don aiki ɗaya lambar tukunyarsu ɗaya ce. Na taɓa saƙa shawul, zare ya ƙare mini saura kaɗan, na koma na ƙaro launi iri ɗaya amma tukunya daban. A cikin shago ba ka ganin bambanci, sai da na shimfiɗa shi a hasken rana na ga layi ya raba shi biyu. Kwance shi na yi. Tun daga ranar nake sayen dunƙule ɗaya fiye da lissafina.

Batun kibiya, kin ce kina neman lamba 10 ba ki samu irin taki ba. Lambobin da muka koya a gida tsohon lissafin Ingila ne, inda lamba ke ƙaruwa kibiya na sirancewa. Lamba 8 ita ce milimita 4, lamba 10 milimita 3.25, lamba 12 milimita 2.75. Na Amurka kuma akasin haka ne, lamba 8 ɗinsu milimita 5 ce. Ki manta da lamba, ki riƙa tambaya da milimita. Don auduga na fi son kibiyar gora, saboda zaren na da santsi, a kan ta ƙarfe idanu zamewa suke. In kika samu mai igiya a tsakiya ki ɗauka. Nauyin shawul zai zauna a cinyarki maimakon wuyan hannu, kuma za ki saƙa hula a zagaye babu ɗinki a baya da zai dami kan jariri.

Sai dai ki sani auduga ba ta da halin ulu. Ba ta miƙewa ta dawo. In kika ja ta da ƙarfi irin yadda kika saba, kafin la'asar yatsunki sun ƙage. Ki sassauta hannu, ki riƙa ajiyewa kina miƙe yatsu. Bakin hannu da bakin hula, inda ake yin ido biyu gaba ido biyu baya, shi ke fara saki bayan wanki. Ni nakan yi wannan wurin da kibiyar da ta gaza ta jikin rigar da rabin milimita, wani lokaci in haɗa da siririn zaren roba a layukan farko.

Ga abin da na fi so ki riƙe, don shi ne yawancinmu ba ma yi, kuma shi ya raba mai saƙa don kanta da mai saƙar oda. Kafin ki fara kowane aiki da sabon zare, ki saƙa ɗan gwaji kamar tafin hannu, faɗinsa ya kai santimita 12 zuwa 15. Ki cire shi daga kibiya, ki wanke shi yadda uwar yaron za ta wanke rigar, ki shimfiɗa ya bushe, sannan ki ɗora tef a tsakiyarsa ki ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10. Na san za ki ce ɓata zare ne da lokaci. Haka na ce shekara da shekaru, ina saƙa da ka irin yadda Gwaggona ta koya mini, "ɗora sittin, in ya yi kaɗan ƙara goma." Wannan yana yi in zarenki iri ɗaya ne kullum kuma yaron yana gabanki kina gwadawa. Amma ranar da wata ta aiko miki saƙo daga Madina ta ce ɗanta wata uku, ba ki gan shi ba, tef ne kaɗai zai fitar da ke. Sauri kan haifi nawa, awa ɗaya a kan gwaji ta fi kwana biyar a kan rigar da za ki kwance.

Bari in nuna miki lissafin. A ce gwajinki ya ba ki ido 22 a santimita 10, wanda shi aka saba samu da matsakaicin zare a kan kibiya milimita 4. Kan sabon jariri yakan kai santimita 34 zuwa 35. Hula kuwa dole ta ɗan gaza kai don ta kama, sai ki yi ta a kan 32. Kowace santimita ido 2.2 ne, sau 32 ya ba ki 70 da 'yan kai. Tunda bakin biyu-biyu yana son adadin da huɗu ke rabawa, sai ki ɗora 68 ko 72. Da auduga 68 nake ɗauka, don na san za ta saki. In hannunki ya fi nawa tsauri, gwajinki zai ba ki 24, lissafinki ya canza. Shi ya sa ba na ba kowa adadin ido a waya sai ta faɗa mini abin da tef ɗinta ya nuna. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta sunan zare da kibiya da adadin da kika samu. Nawa ya tsufa har bangonsa ya fita, amma ba na ba da aronsa.

Wanki ma ki riƙa faɗa wa duk wadda ta saya. Tankunanmu a saman bene suke, da rani famfon ruwan sanyi ma ruwan zafi yake kawowa da rana. Ulu na gaskiya in ya haɗu da wannan ruwan da jujjuyawar gassala, wato injin wanki, cuɗewa yake ya ƙanƙance, ba ya dawowa. A tari ruwa a bokiti ya huce, a wanke da hannu, a naɗe cikin tawul a matse, a shimfiɗa a inuwa. Kada a rataye, nauyin ruwa zai ja rigar ta yi tsawo. Akirilik kuma kada dutsen guga ya taɓa shi. Sannan ki riƙa juya safar jariri kina duba ciki, kada ki bar zare yana lilo, yakan naɗe ɗan yatsa. Maɓalli ki ɗinke shi da ƙarfi ko ki bar shi gaba ɗaya.

Kasuwa akwai, sai dai ba inda kika nufa ba. Abin da ya fi fita mini a Jidda shi ne shawul marar nauyi, saboda gidajenmu da motoci da asibitoci mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki dare da rana, kowace maijego tana son abin da za ta lulluɓe jariri da shi. Bayansa sai hula da safa na auduga. Rigar sanyi mai kauri kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu take tafiya, kuma ba 'yan Jidda ke saye ba, 'yan uwanmu ne na Ɗa'if da Madina da Riyad da Tabuk, inda sanyi ke sauka da gaske. Tun Satumba nake fara tara musu.

Wata a nan ta ba ki shawarar ki koma saƙa hular maza, tashi-ka-fiya-naci, don alhazai. Ina girmama ta, amma ban goyi baya ba. Gaskiya ne alhazai na jidar ta tsaraba bayan sun sauke harami, sai dai ta inji ce ake shigowa da ita dozin-dozin da arha, ke kuwa kwana biyu za ki yi a kan guda ɗaya da siririn kwarashi. Ba za ki iya gogayya da su ba. Ina yin ta ne kawai in an yi oda, ta ango ko ta malami ko ta suruki, wanda ke son a auna kansa. In ta zo miki, ki auna kan, ki rage santimita biyu ko uku, ki raba da 3.14, shi ne faɗin faifan saman hular. Kan da ya kai 57 faifansa wajen 17 ne, daga nan ki daina ƙari ki sauko da gefe. Kwarashin dai ki koya ko don bakin mayafi da bakin shawul. In kina da keken ɗinki kuma, rage tsawon abaya da gyaran hannu yana kawo kuɗin cefane a watannin da saƙa ta yi sanyi. Kada dai ki shimfiɗa kaya a bakin titi, doka ta hana. Taron suna da walima da WhatsApp sun ishe ki, kaya mai kyau a jikin jariri ɗaya shi ke kawo miki uwa ta biyu.

Ulun da kika taho da shi kada ki zubar. Setin nan uku ki ba mai komawa gida ta kai wa 'yan uwa su sayar miki a Jos kafin hunturu, can ne gidansu. Sauran ki yi jakunkunan hannu da 'yan kwandunan ajiye tarkace da murfin filo, abin da ba ya taɓa fatar yaro.

Wannan makon ki sayo dunƙule biyu kacal na auduga, fari ko ruwan madara, da kibiya milimita 3 da 3.5. Ki saƙa gwaji da kowace, ki wanke, ki ɗora tef ki ɗauki hoto ki turo mini. Daga nan sai mu yi lissafin shawul ɗinki na farko tare. In kuma kina kusa da mu, ran Alhamis bayan la'asar muna haɗuwa mu huɗu a ɗakina da saƙarmu, ki nemi izinin maigida ki zo da kibiyoyinki.