Amsa ga ɗan'uwa na Kano kan Hausawan bakin Shari

Malam, ka tambaya wai mu 'yan Chadi ne ko 'yan Kamaru, kuma wai da sauran Hausa a bakinmu kuwa, tunda an ce muna auratayya da wasu ƙabilu. Bari mu fara da ruwan, don yawancin masu yi mana wannan tambaya kogi ɗaya suke zato.

Biyu ne. Logon yana gangarowa daga tsaunukan Adamawa na Kamaru, Shari kuma daga Afirka ta Tsakiya, su haɗu tsakanin Njamena ta Chadi da Kusiri ta Kamaru. Kafin mahaɗar, Logon ne iyaka. Daga mahaɗar Shari ke raba ƙasashen biyu har Tafkin Chadi, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba wa tafkin ta nan yake bi. Don haka wanda ya fito daga tsakiyar Njamena ya haye gadar Shagwa a kan Shari bai bar Chadi ba tukuna. Sai ya ratsa unguwar Waliya ya isa gadar Ngeli a kan Logon, inda kwastan da jami'an shige da fice suke. Sefa ɗaya ake kashewa a gaɓa biyun, katin shaida ne kowa da nasa.

Abin da ke yaudarar baƙo shi ne lokacin cikar kogi. Damina tana ɗaukewa wajen farkon Oktoba, amma ruwa ba ya kai maƙura sai ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, domin wanda aka zuba can kudu makonni yake yi a hanya, yana malala cikin fadamu kafin ya iso. Sai mutum ya ga gari ya washe, ya aza tubalin laka a kwari, ruwa ya zo masa ba hadari ba tsawa, ya jiƙa gindin katanga ta zauna. Haka unguwannin da ke tsakanin kogunan biyu suka sha a 2022, ana ta jera buhunan yashi dare da rana. Daga Maris zuwa Mayu kuma ruwa ya janye, yashi ya fito, kwalekwale mai kaya ya riƙa cijewa a tudu. Gaɓar da ke bayan lanƙwasa kullum zaizayewa take, yashin ya je ya taru a ɗaya ɓangaren, shi ya sa tsibirin da aka noma bara kan matsa bana, a tashi da gardamar na wane ne.

Kakanninmu hanyar Hajji ta kawo da yawansu: Maiduguri, Dikwa, Gamboru, Fotokol, Kusiri, da niyyar wucewa Abeshe zuwa Sudan. Wani guzuri ya ƙare masa, wani fatauci ya karɓe shi. Birnin Njamena Fort-Lamy ake ce masa a lokacin, sunan da Faransawa suka sa masa bayan yaƙin Kusiri na 1900 da aka kashe Rabeh, mayaƙin nan da ya ci Borno, har aka sauya shi a 1973.

Maganar aure ita ce ke mana ciwo. E, muna auren Kotoko da Larabawan Shuwa, su ma suna aurenmu. Kotoko su ne masu ƙasar, da sarautunsu a Kusiri da Gulfe da Logon-Birni, Musulmi ne, su suka ba kakanninmu masauki. A ƙi 'yarsu don me? Sadaki da waliyyi da shaidu duk kamar naku ne. Bambancin kawai, in ango yana wancan tsallake, sai an yi lissafin kai amarya kafin a rufe gada, a kuma yi shirin bayani ga kwastan kan gado da kwanukan jere.

Yaranmu Larabcin Chadi suke yi a titi, Faransanci a boko, Hausa a gida da makarantar allo. Kalmomin Larabci na kutsowa cikin Hausarsu, ba mu musa ba. Amma yaron da ya zo Kano gaida dangi ya durƙusa ya ce "ina wuni", sai a kwashe da dariya a kira shi Bachade, ya koma gefe ya yi shiru har a tashi. Wannan kam ku rage mana shi, Malam.