Wai tun kahin a fara Wimbledon an gama shirya wanda zai ci?

TAMBAYA: Salamu alaikum koci, ina gajiya. Ni ɗan Mokoyo ne, kuma wallahi hankalina a tashe yake. Ƙanena da nike riƙo, wanda na buɗe ma tebur na kayan waya a babbar kasuwa, ya faɗa parin tanis. Lokacin Wimbledon, babbar gasar tanis ta Landan, ta 2025 jika 80 sunka tahi daga jarin. Yanzu an sa shi cikin wani gurup na WhatsApp, mai gurup ɗin wai shina da mutum a Landan da ke ba shi sakamako kahin a buga, a biya jika 15 a samu. Hujjarsu final ɗin mata da aka yi 6-0 6-0, da wanda ke cin Sinner ya ce ya ji ciwo ya hita. Ni kaina abin ya fara shiga kunnena. Gaskiya ne saida wasan ake?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah shi huci zuciyarka. Kahin komi, kar yaron nan ya tura ko dala ɗaya.

Mu fara da wasannin biyu da sunka kawo maka, tunda na kalle su. Grigor Dimitrov shi ne wanda ke cin Jannik Sinner a zagaye na huɗu, ya ɗauki set (wato kashin wasa) na farko 6-3, na biyu 7-5, ana 2-2 a na uku ya buga sabis naman ƙirjinshi ya yage, ya zauna ƙasa dafe da wurin, da hawaye ya bar hilin. Bayan nan watanni ya yi bai yi wasa ba, har US Open, babbar gasar Amurka, bai je ba. To mutumin da ya saida wasa mi zai sa shi ya ci set biyu tukuna, sannan ya je ya kwanta jinya ya yi asarar watanni? Ita kuma Amanda Anisimova final ɗinta ta farko ke nan a babbar gasa, tsoro ya riƙe mata hannu, Iga Swiatek ta gama da ita cikin minti 57. Rabon da a ga haka a final ɗin mata na Wimbledon tun 1911. Wanda ya taɓa riƙe raket gaban jama'a ya san wanga abu, ƙahwa ta yi nauyi, balo ta yi ta faɗa ma raga, kai kanka ba ka gane hannunka. Kuma ita wannan yarinya bayan wata biyu ta hidda Swiatek ɗin a US Open, su masu gurup ba su faɗa ma ƙanenka wannan ba ko?

Abin da ke ɓata mani rai shi ne kullum sai na ji wannan magana, a fada, a gidan kallo, har bakin dattawan da ya kamata su tsawata. Duk sakamakon da bai yi daidai da tikitin mutum ba sai ya ce an saida. Ku yi lissahi mana! A 2025 wanda ya ɗauki kofi fam miliyan 3 anka ba shi, sama da biliyan biyu na sefa ke nan, wanda anka hidda tun zagayen farko ma ya tahi gida da fam 66,000. Wa zai biya Carlos Alcaraz, wanda ya kara da Sinner a final ɗin maza, abin da ya hi haka don ya faɗi? Kuma a ce an biya, sai sirrin ya tsallake duka manyan attajiran caca na Turai ya zo ya sauka wayar wani yaro da ke neman jika 15 wurin mai teburin caja a Maraɗi. Haba. Mai sanin sakamakon gobe ba ya saida shi, gidanshi zai jinginar ya zuba kuɗin ya yi shiru.

Kuma dabararsu tsohuwa ce, tanis mutum biyu ne ba kunnen doki, dole ɗaya ya ci. Sai su raba mutane gida biyu, rabi a ce masu Sinner, rabi a ce masu Alcaraz. Waɗanda sunka faɗi a toshe lambarsu, waɗanda sunka dace a sake raba su biyu a wasa na gaba, kahin ka ankara ga wasu 'yan kaɗan da anka "gaya ma gaskiya" sau uku a jere suna rantsuwa da Allah mutumen nan na da hanya, su ne za su jawo abokansu. Hoton tikitin da suke turowa da miliyoyi a jiki, yaron da ya iya waya zai haɗa maka irinshi kahin shayi ya tafasa.

Ban ce babu maguɗi a tanis ba, akwai. Amma galibi a ƙananan gasa yake, inda ɗan wasa ke lamba ɗari da ɗari a duniya, kuɗin gasar bai biya mashi jirgi da otal, hilin ba kowa. Hukumar ITIA mai yaƙi da maguɗi a tanis aikinta ke nan, tana bin sawun kuɗin caca, ta kori 'yan wasa da alƙalai, wasu har abada. Can ma ba a tallar shi a WhatsApp.

Abin da ke sa Wimbledon ba ta kamuwa hakin da ake wasa bisanshi ne. Ana aske shi milimita 8, balo na sulɓewa ƙasa-ƙasa ba ta tashi kamar a jan ƙasa ta Roland Garros, babbar gasar Faransa, kuma tsakanin gasar biyu sati uku ne kawai, ba mai samun lokacin sabawa sosai. Dubi mata: Muguruza 2017, Kerber 2018, Halep 2019, Barty 2021, Rybakina 2022, Vondrousova 2023, Krejcikova 2024, Swiatek 2025, kowace shekara sabuwar huska (2020 korona ta hana). Vondrousova tana ta 42 a duniya ta doke Ons Jabeur 'yar Tunisiya, wadda duk muna bayanta, final biyu a jere ta rasa baiwar Allah. Ivanisevic a 2001 shina na 125, da takardar gayyata ya shigo ya ɗauki kofi. Federer mai kofi 8, a final ɗin 2019 sau biyu maki ɗaya ya rage mashi ya ci, shi ke sabis, Djokovic ya ƙwace. Su ma duka saidawa anka yi?

Zancen hukuncin caca ba sai ni ba, limamin unguwarku ya hi ni, kuma ƙanen naka ya sani. Ni abin da nike gani da idona yara ne da ba su san ko yadda ake ƙirga maki ba, amma sun saida waya, sun ci bashi, wani kuɗin adashin uwarshi ya ɗauka. Kai ka riƙe kuɗin teburin a hannunka, ku riƙa lissahi kowane dare, ka sa shi ya hita gurup ɗin gabanka. Jika 80 ɗin nan kar ka matsa ka ce sai ya maido su da sauri, matsin nan shi ke maida su ga pari wai don su rama.

In kuma kallo yake so tsakani da Allah, ya bi Queen's da Halle, gasa biyu da ake yi bisa haki kahin Wimbledon, cikin watan Yuni, nan ake ganin wanda ƙahwarshi ta zauna bisa haki. Ko su ɗin ba tabbas: a 2025 Alcaraz ya ci Queen's, Sinner kuwa Bublik ya hidda shi a Halle tun zagaye na biyu, sannan ya zo Landan ya doke Alcaraz 4-6, 6-4, 6-4, 6-4.