Shekara 52 ba ta hana koyon babur, amma a bi a hankali

Malam, ka ce shekarunka 52, ba ka taɓa tuƙa babur ba, kana tambaya ko lokaci ya wuce maka. Bai wuce ba. Ni ma da furfurata na koya, kuma har yau ina hawa. Sai dai kada ka yarda da koyo irin na samari, a ɗora ka a ce ja mu gani. Saurayi in ya faɗi tashi zai yi ya karkaɗe wando, mu kuwa karayar ƙugu ko ta wuyan hannu tana iya kwantar da mutum wata da watanni.

In ka iya keke, ka rage wa kanka aiki sosai. In ba ka iya ba, da shi za ka fara. Sannan ka nemi ƙaramin mashin, mai inji 100cc zuwa 125cc, wanda in ka zauna ƙafafunka biyu za su taka ƙasa sosai.

Inda nake so ka daɗe shi ne kuloci, wato ɗan ƙarfen da ake matsewa da yatsun hannun hagu. Samu fili shimfiɗaɗɗe mai ƙasa mai tauri, ba yashi. Ka tayar da mashin, ka matse kuloci, ka sa giya ɗaya, sai ka riƙa sassauta yatsunka kaɗan-kaɗan ba tare da ka taɓa totur ba, wato hannun dama da ake murɗawa a ƙara wuta. Akwai wurin da za ka ji ƙarar injin ta ɗan sauka, mashin ya fara jan ka gaba. Da ka ji haka, sake matsewa. Yi ta maimaitawa har hannunka ya san wurin da kansa. Zai mutu maka sau da yawa, ba komai, haka kowa ya fara. Kuma ka saukar da wuyan hannunka na dama ƙasa, domin mai koyo in ya firgita ƙanƙame hannun mashin yake yi, sai totur ya murɗe, mashin ya zabura da shi. Duk sanda ka ji abin ya fi ƙarfinka, matse kuloci: nan take ƙarfin inji zai daina kaiwa ga taya.

Za a ce maka kada ka kuskura ka taɓa birkin gaba. Wannan magana tana ba ni takaici, don kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga gaba yake. Abin da ke kayar da mutum shi ne fizgarsa, ko kama shi a kan yashi, ko kan mashin yana karkace. Matse shi sannu a hankali tare da na baya. Idonka kuma ya tafi inda kake son zuwa. In ka ƙura wa rami ido, cikinsa za ka faɗa.

Game da shekaru, gaskiya ido da wuya ba kamar da ba ne. A gudun kilomita 50 a awa, mashin na cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa, ka ga ɗan jinkirin kama birki ba ƙaramin abu ba ne. Je a duba maka ido, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gabanka, ka haƙura da tuƙin dare tukuna. In kana shan maganin da ke sa barci ko jiri, tambayi likita.

Hular kwano kuwa tun ranar farko, ko a fili ne, a ɗaure igiyarta a haɓa. Bincike ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42, raunin kai da kashi 69. Sa takalmi sau-ciki da dogon wando, don salansa tana ƙona ƙauri.

Mai koya maka ya zama mai haƙuri, wanda ba ya tsawa. Ka yi lasisi kafin ka hau titi, kuma kada ka goya kowa sai hannunka ya faɗa sosai, don nauyin mutum a baya yana canja yadda mashin ke tsayawa da shan kwana. Allah ya tsare hanya.