Amsa: Kilomita nawa a rana idan hanyar ta bi gefen tafki da tsoffin gine-gine?

Malam, ka tambaya ko kilomita 100 a rana zai yiwu a keken tsere, alhali kana son tsayawa kallon tafkuna da wuraren tarihi. Ƙafa za ta iya, amma ni dai ina ganin ka tsaya a 60 zuwa 70. Tsohuwar ganuwa ko fada ɗaya kan cinye maka awa biyu ba ka ankara ba.

Abin da mutane ke mantawa shi ne iskar bakin ruwa. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, sai iska ta riƙa tasowa daga tafkin tana bugun gaɓa, musamman bayan azahar. Saboda haka ka yi sammako ka ci rabin tafiyar kafin ta taso.

Taya kuwa, bar mai faɗin milimita 25. Sa 30 ko 32, ka ɗan rage iska, domin titunan wasu tsoffin garuruwa na shimfiɗaɗɗen dutse ne, suna girgiza hannu har ya mutu. Ka riƙe faci, famfo da makullin keke. Takalmin tafiya ma, don takalmin tseren keke mai maƙalewa a feda santsi yake a matakalar dutse.