Jirgin New York rabinsa wayam, kamfanin zai karye ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Watan jiya na tashi daga Jidda zuwa New York wajen ɗana, rabin kujerun jirgin babu kowa. Na sake sayen tikiti na bayan Sallah, ina tsoron su soke hanyar saboda asara. Sannan wani dillali ya ce tunda jirgin ba ya cika, in ɗaukar masa jaka ɗaya a kan riyal 500, wai ba a dubawa. Wata Hajiya, Jidda.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kwantar da hankalinki a kan na farko. Saman jirgin kawai kika gani. Ƙarƙashin ƙafarki, a babban jirgi irin Boeing 777, akwai ma'ajiya mai ɗaukar tan-tan na magunguna, kayan injina da saƙonnin gidan waya, duk an biya kuɗinsu kilo-kilo. Kafin 2020 kusan rabin kayan da ake jigila ta sama a duniya cikin jiragen fasinja suke tafiya, kuma lokacin korona kamfanoni sun yi ta tashi da kaya zalla. Mutum ɗaya a kujerun gaba yakan biya kuɗin mutum uku ko huɗu na baya. Lissafin kuma na shekara ne: azumi da Hajji na cike giɓin watannin da kasuwa ta yi sanyi.

Maganar dillalin nan ce ta dame ni, don kullum sai na ji ta. Wa ya gaya masa ƙarancin fasinja na rage bincike? Na'urar duba kaya ba ruwanta da kujeru nawa aka sayar. Jakar da aka auna da sunanki taki ce, ko me ke ciki. Idan ƙwaya ce, Hajiya, kin san hukuncin safararta a nan Saudiyya ya kai kisa, kuma "saƙo aka ba ni" ba ya fitar da kowa, nan ko a gaban kwastan na Amurka. Ko da kayan halal ne, wasu na cusa fawa-bank da batura, alhali an hana sa su a kayan awo. A 2010 wuta ta tashi cikin kayan wani jirgin kamfanin jigilar kaya na UPS mai ɗauke da baturan litiyom, ya faɗi a Dubai, matuƙansa biyu suka rasu.

In kayansa na gaskiya ne, ya kai ofishin kago, wato na jigilar kaya, da iƙamarsa ta zama a ƙasar, a rubuta takardar jigila da sunansa. Ki ce masa haka, ki ga ko zai je.