Kyautar Kirsimeti ga sakatariyar maigidanki: amsa ga ƙanwata mai shirin tahowa Ingila

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce biza ta fito, farkon Disamba za ki taso ki tarar da maigidanki a nan Ingila, shi kuma ya ce ki taho da wani abu daga Kano wanda za a ba sakatariyarsa ta asibiti saboda Kirsimeti. Kina tambayar me za ki saya. Can ƙarshen saƙon kuma kika liƙa wata 'yar tambaya kamar ba ta dame ki ba: wai dole ne sai an ba ta? Da wannan zan fara, don na san ita ce ke ci miki tuwo a ƙwarya.

Kwantar da hankalinki. Babban likita a asibitocin gwamnati na nan, waɗanda ke ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, yana da sakatariya, kuma sau da yawa ba shi kaɗai take yi wa aiki ba, likita biyu ko uku ne ke raba ta. Ita ke tsara wasiƙun da yake aika wa likitocin unguwa, ita ke riƙe da jerin masu jiran ganinsa, ita ke ɗaga wayar mutumin da aka sake ɗage wa ranar tiyata, ta sha faɗan da ba ita ta jawo ba. Albashinta kuwa bai kama ƙafar nasa ba. Idan shekara ta zo ƙarshe, al'adar ofis ce na sama ya miƙa wa na ƙasa ɗan abu da kati, ya ce an gode. Wanda bai yi ba, ba mai ce masa uffan, amma za a lura. Kuma ki duba, ke ya sa ki zaɓo. Abin da namiji ke son ɓoyewa ba ya aiken matarsa kasuwa ta sayo masa.

Inda mutanenmu ke yin tuntuɓe shi ne wajen girman kyautar. A gida, kyauta da nauyin mai bayarwa ake auna ta. Matar likita guda ba za ta miƙa abin da za a raina ba. A nan kyauta mai tsada kunya take jefa mai karɓa. Za ta shiga tunanin me za ta rama da shi, abokan aikinta kuma su shiga tunanin me ke tsakani. A ganina, abin fam 15 zuwa 30 ya wadatar. Don ki gane ma'aunin ƙasar: hukumar harajinsu, HMRC, ba ta ɗora haraji a kan 'yar kyautar da wurin aiki ya ba ma'aikaci muddin ba ta haura fam 50 ba, ba tsabar kuɗi ba ce, kuma ba ladan aikinsa ba ce. Ƙa'idar NHS ma ta ce ma'aikaci kada ya karɓi kyautar maras lafiya da ta wuce fam 50 ya riƙe a matsayin tasa. Waɗannan ba su hau kan kyautar abokin aiki kai tsaye ba, amma sun nuna miki inda idon mutane ke fara tsayawa. Ƙasa ce da ta kafa dokar hana cin hanci mai tsauri a 2010, kuma ma'aikatu da yawa suna da rajistar da ake rubuta kyaututtuka.

Yanzu abin da kada ki saya, wanda kuma na san shi ne ya fara zuwa miki a rai. Ban da humra, ban da turaren jiki kowane iri, ban da sarƙa ko 'yan kunne, ban da kayan shafa. Duk abin da ke taɓa jikin mace, idan ya fito daga hannun maigidanta na ofis, wata fassara ake yi masa, ko da ke kika zaɓa. Atamfa ko leshi kuwa asara ce: telan da zai ɗinka mata sai ya ci kuɗin da ya ninka na zanen, a ƙarshe a ninke a ajiye. Turaren wuta ma bar shi. Kusan kowane gida a nan da na'urar gano hayaki a rufinsa, ana ɗora kasko za ta fara ihu har maƙwabta su leƙo.

Kilishi, dambun nama da man shanu, waɗannan ba ma zancen dacewa ba ne, doka ce ta hana. Matafiyin da ya taso daga Najeriya ba a yarda ya shigo Birtaniya da nama ko wani abin da aka yi da madara ba. Idan 'yan kwastan suka gani a filin jirgin Heathrow ko na Manchester ƙwacewa za su yi, kuma ba a fara zama a ƙasar mutane da irin wannan. Jaka ko takalmin fatar kada ko ta maciji ma sai da takardar izini ta musamman. Ƙuli-ƙuli da duk abin da gyaɗa ta shiga, ki ajiye wa kanku. Akwai waɗanda ƙwaya ɗaya ke kai su asibiti, ba ki kuma san gidanta ba. Kuɗi a ambulan kuwa sai ta ji kamar an mai da ta mai neman taimako.

Ki shiga Kurmi, wajen dukawa. Ƙaramar jakar fata mai zif ta zuba biro da tarkace, ko bangon littafin rubutu mai ɗinkin hannu, irin ja da koren nan namu. Amma ki kai hanci ki shinshina kafin ki biya. Wata fatar jimarta ba ta nuna ba, a Kano ba za ki ji komai ba, sai ta kwana biyu a ɗaki mai hita, tagogi a rufe, sannan warinta ya tashi. Ki ja zif ɗin sau uku, ki murza fatar da farin ƙyalle ki ga ko tana zuba. In kuma kin fi son yadi, ki je marinar Ƙofar Mata ki samo ɗan shuni madaidaici wanda za a shimfiɗa a tebur. Ƙananan faya-fayai masu launi, na ɗora kofin shayi, su ma suna burge su ƙwarai, ga arha ga rashin nauyi a akwati. Turawan nan suna son abin da ke da labari. Layi biyu a kati cewa da hannu aka rina shi a tsohuwar marina a Kano sun fi mata tsadar abin.

Idan lokaci ya ƙure ba ki samu ba, babu abin kunya. Katin sayayya na manyan shaguna irin Marks & Spencer ko John Lewis da ɗan kwalin cakulan abu ne da mutane da yawa ke bayarwa. Kwalbar giya ma kyauta ce da ke yawo sosai a wannan lokaci, mu dai ba namu ba ce, ba kuma wanda zai sa ran ta daga hannunku.

Batun addini, wanda ba ki ambata ba amma na san Hajiya za ta ambata: malamai sun yi saɓani a kan taya murnar Kirsimeti, ni kuma ba malama ba ce, ku tambayi wanda kuka natsu da shi. Abin da na ga Musulmi da yawa na yi a nan shi ne su ba da ita a matsayin godiyar ƙarshen shekara. Shaguna cike suke da katunan da gaisuwar hutu da ta sabuwar shekara kawai ke jikinsu. Kada ma ki ɗauka lallai Kirista ce; tana iya zama 'yar asalin Indiya ko Pakistan, ko wadda ba ruwanta da coci. Tambayi maigidanki.

Katin shi zai rubuta da hannunsa, ya ambaci wani abu takamaimai da ta yi masa a shekarar, sannan ki sa sunanki kusa da nasa. Kada ki naɗe kyautar tun daga gida, ana iya buɗe kaya a filin jirgi. Takardar naɗi tana ko'ina a nan. Ya miƙa mata a ofis, a gaban mutane, wajen tsakiyar Disamba, don daga mako na uku ake fara watsewa hutu, wasu sai Janairu. In sakatarorin biyu ne a ɗaki ɗaya, ya haɗa da gwangwanin alewa na kowa da kowa, kada ɗayar ta zauna tana kallo.